Neman kalmar Hausa: abin feshin da aka zana kumbunan bangon tsofaffin littattafai da shi

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana so a rubuta bayani da Hausa kan zanen kumbo na bangon ƙagaggun labaran kimiyya na shekarun 1970, irin na Chris Foss ɗan Birtaniya: ƙaton kumbo mai ratsin ɗorawa da baƙi, yana shawagi cikin hazo mai launi. Mutane na ta begen zanen nan yanzu. Kalmar kumbo ba ta da matsala, ta zauna tun zuwan Apollo 11 wata a 1969. Abin da ya tsaya shi ne kayan aikin da Turawa ke kira airbrush. Buroshin iska? Bindigar fenti? Malamai a taimaka.

Baban Fenti: Wa alaikumus salam, Hajiya. A cire buroshi tun yanzu. Ba shi da gashi ko ɗaya, kuma ba ya taɓa takarda. Wanda ya ji buroshi zai yi zaton gogawa ake yi. Ni bindigar feshi na fi so, domin aikinsu ɗaya da ta masu fentin mota: kwamfaresa ta turo iska ta tiyo, iskar ta ja fenti ta watsa shi.

Malamin Zane: Alhaji, hanyar aikin ɗaya ce, amma girman ya bambanta ƙwarai. Bakin ta masu fentin mota ya kan wuce milimita 1, tana rufe ƙofar mota a 'yan shara. Wannan kuwa bakinsa milimita 0.2 zuwa 0.5 ne, kofin fentinsa bai kai murfin kwalba ba a wasu, kuma tsakanin yatsu ake riƙe shi kamar biro. Idan aka matso da shi kusa da allo, kamar santimita 1, zai ja layi siriri kamar zare. A ja da baya santimita 10 zuwa 15, sai ya ba da hazo. Da shi ake yin inuwar jikin kumbo mai tafiya daga haske zuwa duhu ba tare da gaɓa ba, wadda ke sa ƙarfen ya yi kamar a taɓa. In aka ce bindiga, an ɓatar da wannan duka. Shawarata alƙalamin feshi.

Ɗan Damagaram: Ina bayan Malam. A nan Nijar sunan Faransanci aka sani, aérographe, wato mai rubutu da iska. Asalinsa sunan kaya ne: Charles Burdick, Ba'amurke da ya koma Landan ya kafa kamfani a 1893, shi ya sa wa nasa Aerograph. Ka ga tun farko masu shi a sahun abin rubutu suka ajiye shi.

Baban Fenti: To alƙalamin iska mana, tunda haka ne.

Malamin Zane: A'a Alhaji, kar a ja mana. Bahaushe ya ji "na iska" zai ɗauka ko abin banza ne ko na aljanu. Feshi ya faɗi aikin kai tsaye.

Ga sassan, tunda Hajiya za ta buƙace su. Allura ita ce doguwar ƙarfen da ke ciki, wadda ke toshe baki. Baki shi ne ƙaramar ƙofar da fenti ke fita. Kunama ita ce abin dannawa a sama, aro daga bindiga, a nan kam Alhaji ya ci. A mai aiki biyu, dannawa ƙasa na sakin iska, ja baya na janye allura fenti ya fito. Tsarin kullum: iska tukuna, sannan fenti, a tsayar da fenti, sannan a tsayar da iska. Wanda ya juya tsarin zai bar ɗigo a kan allura, feshi na gaba ya tofa shi tsakiyar zanen.

Fenti a tsinka shi ya koma kamar madara. Ƙarfin iska kamar 1 zuwa 2 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira bar. In fentin ya yi kauri, ko iska ta yi kaɗan, sai ya fito tsaki-tsaki kamar yashi. In ya cika ruwa kuma aka matso, sai ya bazu ya yi ƙafafu kamar gizo-gizo. Da hunturu yana bushewa a kan allura cikin 'yan mintuna, sai an riƙa gogewa. Da damina ruwa ne ke taruwa a tiyo, dole a sa matatar ruwa bayan kwamfaresa. Wannan tofin da ake gudu, shi ake yi da gangan in za a zuba taurari: a rage iska sosai, farin fenti ya fita ɗigo-ɗigo a kan baƙi.

Mai Fassara: Madalla. Saura ledar nan mai ɗan manne da suke shimfiɗawa a kan zanen kafin feshi, frisket.

Uwar Lalle: Hajiya, wannan ai mun san shi. Salatif ɗin jan lalle ne: inda aka manna, lalle ba ya kamawa. A ce ledar kariya. Ana shimfiɗa ta a kan zanen fensir duka, a bi layukan jikin kumbo da wuƙa mai tsini, a ɗaga yanki guda a fesa, ya bushe, a mayar da shi, a ɗaga na gaba. Kumbo ɗaya na iya cin yanka da yawa ƙwarai, shi ya sa gefunan ratsin ke fita tas kamar an yanka da reza. In an danna wuƙa da ƙarfi ta tsaga allon, fenti ya kwanta cikin tsagar ya bar baƙin layi. In an mayar da ledar kan fentin da bai bushe ba, ta taso da shi.

Ɗan Damagaram: A lura kuma, kar a laƙaba wa duk tsohon zanen kumbo wannan suna. Bangon mujallar Amazing Stories, wadda ta fara fitowa a Amurka a watan Afrilu 1926 da zanen Frank R. Paul, wani salo ne daban: layi a fili, ja da ɗorawa a shimfiɗe. Hazon nan mai laushi na zamanin su Foss da Peter Elson ne.

Mai Fassara: Na rubuta: alƙalamin feshi, jam'i alƙaluman feshi, aikin kuma zanen feshi, allura, baki, kunama, tiyo, matatar ruwa, ledar kariya. Bindigar feshi mun bar wa masu fentin mota.

Baban Fenti: Na yarda. Amma a rubuta matatar ruwan tiyo a cike, kar wani ya je kasuwa ya sayo ta ruwan sha.