Sabuntawar Windows ta ƙi hawa, kullum sai ta koma baya, a taimaka

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ina neman shawara. Kwamfutar gida ce, laftof mai Windows 11, kowa na amfani da ita. Batirinta ya raunana tun tuni, sai a jikin caja take aiki, madannin harafi ɗaya ma ya fice amma wannan bai dame ni ba. Hotunan iyali da bidiyo duk a ciki suke, da takardun makarantar yara, da wasu fayilolin maigida da ya ce kar a taɓa. Akwai manhajar share datti da na saka mata, tana kuma aiki sosai. To yanzu duk lokacin da zan kashe ta sai ta ce tana sabuntawa, ta kunna kanta, ta kai kashi 30, sai ta rubuto cewa wani abu bai tafi daidai ba, tana warware abin da ta yi. Idan ta daɗe ina danne maɓallin wuta har ta mutu. Gobe kuma ta sake. Data tana ta ƙarewa. Me zan yi?

Mai Sukundireba: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ba mu labarin batir, amma abin da ake bukata babu. Shiga Settings, Windows Update, Update history, ki kwafo lambar kuskuren da ke gaban wadda ta gaza, tana farawa da 0x. Ki duba giga nawa ya rage a faifan C, wato faifan da Windows take ciki. Sannan ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta winver, ki faɗa mana sigar.

Injiniya: Ba sai an jira lamba ba, wannan a fili yake. Danne maɓallin wuta ana tsakiyar rubuta fayilolin tsarin shi ya lalata rumbun da Windows ke ajiye kayan gyaranta. Hajiya ga abin yi, kar ki tsallake ko ɗaya. Jona caja. Nemo Command Prompt, ki buɗe shi da Run as administrator, in ba haka ba umarnin ba zai karɓu ba. Ki fara da wannan:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yana bukatar intanet, domin daga can yake ɗauko lafiyayyun fayiloli. Zai yi kamar ya tsaya a wajen kashi 62, haka halinsa yake, ki ƙyale shi. In ya gama sai ki rubuta sfc /scannow. Mutane da yawa suna fara da sfc, kuskure ne, domin sfc daga wancan rumbun yake ɗebo abin da zai yi gyara da shi, in rumbun ya lalace me zai ɗebo? Bayan nan ki tsayar da ayyukan sabuntawa ɗaya bayan ɗaya: net stop wuauserv, sai net stop bits, sai net stop cryptsvc. Sai ki canza wa folda biyu suna:

ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old
ren C:\Windows\System32\catroot2 catroot2.old

Ki sake kunna kwamfutar, za ta ƙirƙiri sababbi da kanta. Ita kuwa manhajar share datti, cire ta yau.

Maman Biyu: Malam Injiniya na gode, amma ba don wasa nake kashe ta ba. Sikirin ya tsaya cik, yara na jiran aikin makaranta, ya zan yi? Manhajar kuwa tun kafin matsalar take ciki, ba ita ba ce. Malam Mai Sukundireba, lambobi biyu na gani: ta ƙasa 0x80070070, na sama duk 0x80073712. A C an rubuta saura giga 2.1 cikin 118.

Mai Sukundireba: To ga shi nan. 0x80070070 ma'anarta wuri ya ƙare a faifai, kuma ita ce ta ƙasa, wato ita ta fara zuwa. Ɗaya lambar, ta lalacewar fayil, daga baya ta biyo. Hajiya kar ki fara da umarnin Injiniya tukuna. Canza wa SoftwareDistribution suna ba ya rage ko mega ɗaya, tsohuwar foldar na nan zaune, sabuwa kuma za ta sake sauke komai daga farko a kan giga 2 ɗin da ya rage. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Ki fara samar da wuri, aƙalla giga 20. Settings, System, Storage, Temporary files. Ki zaɓi Windows Update Cleanup da Delivery Optimization Files da kwandon shara. Ki lura da kyau, akwai Downloads a jerin, in kika sa masa alama duk abin da kuka taɓa saukewa zai tafi. Sannan umarnin powercfg /h off zai cire fayil ɗin hiberfil.sys, wanda kan ci wajen kashi 40 na girman RAM, sai dai za ki rasa Hibernate, wato ajiye aikinki a faifai kafin kwamfuta ta mutu, da kuma saurin kunnawa. Mafi girma dai bidiyoyin nan ne, a kwashe su zuwa faifan waje.

Injiniya: Ai ban ce kar a share ba. Amma ko giga 100 ta samar, 0x80073712 ba za ta tafi ba sai an yi DISM. Maganata tana nan. Kuma tun da an kawo zancen share-share: kar wanda ya ce mata ta shiga foldar WinSxS, wato rumbun kayan gyaran nan, ta goge wani abu da hannu, daga nan sai kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya. Hanyar rage ta ita ce DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup, shi ke nan.

Ɗan Tsakiya: Ni duk wannan wahala ce. A shiga services.msc a kashe Windows Update kowa ya huta. Abin da ke ba ni haushi masu ƙera kwamfutoci ne, su sa faifai ɗan mitsitsi su sayar wa mutane, alhali Windows 11 kaɗai giga 64 take nema mafi ƙaranci. Sai mai gida ya saka hotuna kaɗan a ce shi ne mai laifi.

Injiniya: Ɗan'uwa wannan shawara ce mai cutarwa. Na ɗaya, akwai wani aiki a cikin Windows da ke sake kunna sabuntawar ko ka kashe. Na biyu, in ka kashe ta DISM ma ba zai samu inda zai ɗauko fayil ba. Na uku, ka tuna WannaCry, muguwar manhajar nan mai kulle fayilolin mutane, a watan Mayun 2017? Tun watan Maris na shekarar aka fitar da maganin ɓarakar, waɗanda ba su saka ba su ta kama. Gyaran tsaro na fitowa ne Talata ta biyu a kowane wata, ba ado ba ne. Mai son hutu ya danna Pause updates, tana ba da har mako 5. Mai jin zafin data ya shiga saitin Wi-Fi ɗinsa ya kunna Metered connection, ya kuma saita Active hours don kar ta sake kunna kanta ana cikin aiki.

Anti Mai Lissafi: Ku dai masu Windows 11 kun ji daɗi. Ranar 14 ga Oktoban 2025 aka daina ba Windows 10 sabuntawa ta kyauta ta yau da kullum, kwamfutar da ba ta da na'urar tsaro ta TPM 2.0 ko injinta ya girmi zubi na 8 na Intel kuma ba ta cancanci hawa 11 ba, komai lafiyarta. Wa zai yi magana a kan wannan? 'Yar'uwa, kafin ki taɓa komai, ki kwafe hotunan nan, kuma ki duba ko faifanki a kulle yake da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai. In a kulle yake, ki nemo mabuɗinsa mai lamba 48 a asusunki na Microsoft ki rubuta a takarda. Wasu gyare-gyaren kan sa ta tambaye shi wajen tashi.

Maman Biyu: Anti ba ni da faifan waje, filashar da ke gidan giga 8 ce. Bidiyon kuma ba zan goge ba gaskiya. Na share na wucin gadi, yanzu saura giga 6. Hibernate ɗin ban kashe ba, da shi nake tsira in an zare caja.

Sabon Shiga: A yi mata fomatin kawai, minti nawa ne.

Mai Sukundireba: Fomatin da fayilolin mutane a ciki ba kwafi? A'a. In komai ya ƙi, akwai ɗora Windows a kan kanta: a sauke ISO, wato fayil ɗin ɗora Windows, a buɗe, a danna setup.exe, a zaɓi Keep personal files and apps. Amma fayil ɗin kansa ya haura giga 5, ga foldar Windows.old da zai ƙirƙira, don haka mun dawo kan maganar wuri. Giga 6 bai isa ba Hajiya. Har yanzu kuma ba ki faɗi abin da winver ya nuna ba. Kowace sigar Windows 11 Home wata 24 ake tallafa mata, in taki ta wuce wa'adi wata maganar ce daban.

Injiniya: Giga 6 ya ishi DISM. Ta yi shi yanzu. In ya ce bai samu fayilolin tushe ba, wato 0x800f081f, sai a nuna masa ISO. In ya wuce lafiya, ta kwafi lambar sabuntawar da ke gazawa, mai farawa da KB, ta nemo ta a Microsoft Update Catalog, ta saka da hannu. Cikakken bayanin abin da ya lalace yana cikin C:\Windows\Logs\CBS\CBS.log ga mai son gani.

Maman Biyu: Na yi DISM ɗin, ya kai 62.3 ya ƙi motsi, ana bukatar kwamfutar sai na rufe baƙin akwatin. Na danna Pause updates na mako 5 tukuna. Manhajar share dattin ta ce ta gano kurakurai masu yawa a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, in bar ta ta gyara?

Injiniya: Kar ki kuskura.

Ɗan Tsakiya: Ka ga dai a ƙarshe shawarata ta bi.

Mai Sukundireba: Hajiya, winver ɗin fa?