chkdsk na kashe min kwamfuta a mataki na 4, ina mafita?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutar gidanmu ce ta tebur, Windows 10, faifanta tsohon nan ne mai juyawa, 1TB, ta kai shekara bakwai a hannuna. Makon jiya ta fara nauyi, in na buɗe foldar hotuna sai ta tsaya cak wajen minti ɗaya. Shi ne na buga chkdsk C: /r, umarnin Windows na binciken faifai da gyara shi, ta ce sai an sake kunna ta, na ce to. Mataki na 1 zuwa na 3 suka wuce lafiya lau. Tana shiga na 4 ta maƙale, ta yi kusan minti arba'in ba motsi, sai allo ya koma shuɗi da rubutun KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR, ta mutu, ta taso, ta sake binciken daga farko. Sau uku ke nan. In na kara kunne a jikin akwatin ina jin ƙas, ƙas, ƙas. Hotunan yara tun suna jarirai duk suna ciki, kuma ba ni da kwafi a ko'ina. Kada ma ku yi min faɗa, na riga na yi wa kaina.

Ɗalibin Dare:
Wa alaikumus salam. Anya ba matsalar nan ta Disamba 2020 ba ce? Sabuntawar KB4592438 ta sa chkdsk /f yana lalata tsarin fayiloli a wasu kwamfutoci har su ƙi tashi. Microsoft ta amsa laifin kuma ta gyara. Ka duba ko ka daɗe ba ka sabunta Windows ba.

Mai Sukudireba:
Ba ita ba ce, ƙanena. Waccan NTFS_FILE_SYSTEM take nunawa, kuma ba ta sa faifai ƙara.

Baban Yara, don Allah Malam kada ka sake barin binciken nan ya gudana. Matakai ukun farko lissafin fayiloli kawai suke dubawa. A na 4 ne /r ke bin fayilolinka yana karanta kowane gurbin faifan da suke ciki, in ya taka wurin da ya lalace ya yi ta maimaitawa. Ƙarar da kake ji allurar da ke karanta faifan ce ke komawa tana dawowa. Faifan da ke jinya ka sa shi aikin ƙarfi, chkdsk bai kawo ciwon ba, tona shi ya yi.

In ta taso tana ƙirga sakan kafin binciken, danna kowane maɓalli ta tsallake. Da ka shiga, buɗe Command Prompt da ikon admin ka buga chkntfs /x C: don ta daina yi a kowane tashi. Daga nan kwashe hotunan zuwa wani faifan na waje, folda-folda, mafi muhimmanci tukuna. Sai bayan haka ka saka CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ka duba layin 05 da C5 da C6. In C5 ya wuce sifili a ginshiƙin Raw Values, akwai guraben da faifan ya kasa karantawa.

Uwar Biyu:
Ni tawa da ta yi irin wannan shuɗin allon, kebul ɗin SATA, wanda ke haɗa faifai da kwamfuta, ne ya saki, na cire na mayar ta warware. RAM ma tana jawo shi, mdsched zai gwada maka ita. Amma tawa ba ta yi ƙara ba kam.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na taɓa kebul ɗin, daram yake. CrystalDiskInfo ya nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi, C5 na kan 48. Na kwana ina kwafa, komai ya fita sai folda ɗaya ta 2019 da ke tsayawa a hoto guda. Malam, in tsallake hoton ne ko akwai dabara?

Mai Sukudireba:
Tsallake shi ka kwashe sauran, sannan ka kashe ta. In hoton ya dame ka, a tayar da ita da Linux daga filashi a gwada ddrescue, manhajar kwafar faifan da ya lalace, shi yana barin wurin da ya lalace sai a ƙarshe ya dawo masa. Faifan nan dai kada ka sake ajiye komai a kansa.