Ƙanina ya fara yabon Musolini, ta ina zan ɓullo masa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina yana aji biyu a jami'a, kwanan nan ya kamu da kallon bidiyon Musolini na Italiya. Kullum zancensa ƙasa ba ta gyaruwa sai da shugaba ɗaya mai ƙarfi, jam'iyya ɗaya, kowa ya kama bakinsa. Na yi masa faɗa, ya ce in kawo hujja. Abin ya dame ni, don yaron mai hankali ne.

Wata malamar tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye faɗan, ka zauna da shi. Tambaye shi: a irin wannan mulkin, wa zai kare shi ranar da ya saɓa wa shugaba? Fasisanci, wato tafarkin Musolini, aƙida ce da ta ɗora gwamnati bisa komai, mutum ba shi da wani haƙƙi sai wanda ta ga dama ta ba shi. Musolini ya hau mulki a Oktoban 1922, bayan 'yan dabarsa masu baƙaƙen riguna sun daɗe suna dukan 'yan ƙwadago da ƙona ofisoshinsu. A 1924 ɗan majalisa Giacomo Matteotti ya tashi ya ce an yi maguɗin zaɓe, ba a yi mako biyu ba aka sace shi aka kashe. Zuwa 1926 an haramta sauran jam'iyyu, jaridu kuma sai abin da aka ce su buga.

Wani dattijo:
Ɗana, ni ta Afirka zan bi da shi. Gwamnatin wa ta rataye Umar Mukhtar, jagoran masu yaƙi da mulkin mallakar Italiya, a Libiya a 1931, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai? Wa ya mamaye Habasha a 1935, ya yi wa mutane ruwan iskar guba? A Fabrairun 1937 an yi kwana uku ana kashe dubban mutane a Adis Ababa. Sojojin Najeriya ma suna cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a 1941. Wanda ƙaninka yake yabo bai ɗauki baƙar fata mutum ba.

Wani ɗalibi:
Yaya, ni ma na taɓa shiga irin wannan tunanin. Takaicin rashin tsaro da yajin aiki ne ya kai ni. Ka fara saurarar abin da ke cin ransa, in ba haka ba hujja ba za ta shige shi ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ran Juma'a zai zo gida, da labarin Umar Mukhtar zan fara.