Giyar otomatik ta fara gardama: me kuka gani, me ya yi muku magani?

Mai Camry, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Camry ƙirar 2003, wadda ake ce wa Big Daddy. Kwanan nan ta tsiro da wani hali. Da safe in na sa D sai ta yi jim kafin ta kama, a kan hanya kuma, lokacin tashi daga giya ta biyu zuwa ta uku, inji ya yi ta ƙugi mota ba ta ƙara gudu ba, can sai ta shiga da fizga. Makaniken da na kai wa ko bonet bai ɗaga ba ya ce giya ta tafi, a nemo ta Beljiyom. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma da ita nake kai yara makaranta. Don Allah duk wanda irin wannan ya taɓa samu ya faɗa mana yadda aka ƙare.

Tsohon malamin makaranta, Katsina:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayi komai tukuna, fara duba man giya. Tawa Corolla ta yi wannan jinkirin na safe, ashe sil ɗin wajen da shaf ke shiga giya ne yake yoyo a hankali, mai ya yi ƙasa. Giyar otomatik da ƙarfin mai take matse kulocinta, in mai ya gaza famfo iska zai riƙa ja. Ka zagaya da motar ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, kada ka kashe inji, ka taka birki ka bi da hannun giya ta kowane gurbi ka dawo P, sannan ka zaro geji. Ka ɗiga man a farar takarda. Ja garau lafiya ne, ruwan ƙasa ya tsufa, baƙi mai ƙauri kuwa ciki ya ƙone. Ni sil aka canza aka cika mai, shi ke nan.

Mai Accord, Kaduna:
Baba ya faɗi daidai, sai dai masu Honda su lura: namu ana dubawa ne bayan an kashe inji, nan take cikin minti guda ko makamancin haka, yana da zafi. Matsalata ni irin man ce. A wani gareji aka cika min da Dexron, wai ai duk jan mai ɗaya ne. Daga nan ta soma buga giya da ƙarfi. Man Honda daban ne, da Z1 ake sawa, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Kuma in ka kwance noti ka zubar, kusan lita 3 kawai ke fita, sauran yana maƙale a kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya, da cikin bututu. Shi ya sa ake zubarwa a cika, a ɗan yi tafiya, a sake, har sau uku. Bayan haka ta lafa. Malam mai Camry, taka T-IV take sha, waɗanda suka biyo bayanta daga 2007 kuma WS. Ka duba littafin motar ko jikin gejin, kuma ka sayi mai a inda ka yarda da su, don jabu ya yi yawa a kasuwa.

Rewaya, Kano:
Yallabai, ka sa mata kwamfuta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Kwamfutar za ta nuna lambobin matsala. P0700 ba ya nuna wurin ciwo, yana cewa ne kawai ƙwaƙwalwar giya ta ga matsala, sai ka duba lambar da ke tare da shi. P0715 da P0720 na sansar gudu ne, na shiga da na fita. Daga P0750 zuwa sama yawanci solenoyid ne, wato makunnin lantarki da ke buɗe wa mai hanya a cikin giya. P0741 na kulle kwanbata ne. Wanda ke sa gabana ya faɗi shi ne P0730, domin sau da yawa yana nufin kuloci na sulɓewa a ciki.

An taɓa kawo min mota ta maƙale a giya ta uku, ba ta hawa ba ta sauka, mai ita har ya yi cinikin wata giyar. Da na bi waya sai na tarar ɓera ya ci ta kusa da soket ɗin sansa. Maƙalewar nan da gangan ƙwaƙwalwar mota ke yin ta don ta kare giya in saƙo ya daina zuwa mata. Na haɗa waya, na goge lambar, ta warware. Abin da ke ci min rai shi ne yawan giyoyi masu lafiya da ake saukewa a banza saboda ba a yi wannan binciken ba.

Hajiya mai shagon atamfa, Sakkwato:
Ni tawa ba ta zo da sauƙi ba, shi ya sa nake so ku ji. Motar ta fara rawa in na taka totur, na kai aka zaro geji, man ya koma kamar shayi da madara. Ashe bututun da ke sanyaya man giya ta cikin lagireto yake bi, ya ɓule, ruwa ya shiga. Aka canza lagireto aka wanke giya, ta ɗan yi tafiya, daga baya ta daina ja gaba ɗaya. Wanda ya buɗe ta ya nuna min faiba, wato shimfiɗar jikin farantan kuloci, duk sun saɓule, ya ce ruwa ne ke narkar da gam ɗin da ya riƙe su. 'Yan uwa, duk wanda ya ga ruwan lagiretonsa na raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, ko ya ga maiƙo a bakin murfinsa, ya ajiye motar a ranar.

Direban haya, hanyar Kano zuwa Abuja:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Ni kuma tambaya: gaskiya ne in man giya ya daɗe ba a canza ba gara a ƙyale shi? A tasha kowa haka yake faɗa, wai sabon mai ne ke kashe tsohuwar giya. Wani abokin aikina ya canza, sati bai zagayo ba ta tsaya.

Tsohon makanike, Ƙofar Ruwa:
Direba, maganar tana da tushe amma an juya ta. In faiba sun riga sun cinye, garinsu yana yawo a cikin tsohon man, shi ke sa su ɗan kama. Ka zubar da shi ka sa sabo, sai sulɓewar ta fito fili. Giyar abokinka ta riga ta mutu, sabon mai tona ta kawai ya yi. Don haka ni ba na yanke hukunci sai na sauke kaskon ƙasan giya. Akwai maganaɗisu a cikinsa. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, kowace tsohuwar giya tana da shi. Amma in na ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko baƙin gari ya taru, ga mai yana ƙauri, to nakan gaya wa mai mota gaskiya. In babu waɗannan, a canza filta, a sa sabon gasket, a zuba man da ya dace. Abin da ba na yarda da shi a tsohuwar mota shi ne wanke giya da na'ura mai tura mai da ƙarfi, yana iya kwaso datti ya cusa a ƙananan hanyoyin bal, wato bawul ɗin da ke raba mai a cikin giya.

Wani abu kuma da mu makanikai muke jawowa: cire tamostat, wai ƙasarmu da zafi. Toyota da yawa ba sa ba da giya ta ƙarshe, kuma ba sa kulle kwanbata, sai ruwan inji ya yi ɗumi. Ka cire tamostat, da sanyin hunturu inji ya ƙi ɗumama, mota ta ƙi shiga giyar sama, ta yi ta shan fetur, a ce giya ce. Haka fulogi ko kwayil da ya gaji yakan sa mota rawa a ɗauka giya ce, kujerar inji da ta yage kuma takan sa ƙarar bugu in an sa D ko ribas.

Ɗan kasuwa, Maraɗi:
Sannunku. Mu nan rairayi ne ke cin mu. In mota ta kafe, sai ka ga mutum yana D yana ribas yana danna totur har mai ya tafasa. Na ga wadda aka ƙone wa giya da haka a hanyar ƙauye, a yini ɗaya. A sassauta iskar taya a tura ya fi. Kuma in ta mutu a hanya kada a ɗaura igiya a ja ta nesa, tunda famfon mai da inji yake juyawa. Inji a kashe, taya na juya giya babu mai. A samo janwe ya ɗaga tayoyin da ke ja, ko a ɗora ta gaba ɗaya.

Mai Peugeot 406, Jos:
Masu 406 da 307 mai giyar AL4, tamu ba ta da geji, ta noti ake auna mai. In ta buga ta tsaya a ta uku, a fara duba solenoyid biyun nan na matsin mai. Su aka canza min, ba a sauke giya ba.

Mai Camry, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba kamar yadda Baba ya ce: mai ya yi ƙasa, ruwan ƙasa ne, ba ya ƙauri, kuma akwai danshi ta wajen shaf na hagu. Zan sa kwamfuta kafin a taɓa komai. Oga na Ƙofar Ruwa, in ta kama dole sai an canza, me zan lura da shi?

Tsohon makanike, Ƙofar Ruwa:
Yadda ka kwatanta, ina sa ran ba za a kai can ba. Amma in an kai, ko a nan kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ka tabbata lambar jikin giyar ta yi daidai da taka, don mai silinda huɗu da mai shida ba ɗaya ba ne. Ka sa a buɗe kaskonta a gabanka. Ku yi yarjejeniya a rubuce kan kwanakin gwaji. Wajen ɗaurawa a sa sababbin sil, a wanke bututu da wurin sanyaya mai, in ba haka ba dattin tsohuwar zai koma cikin sabuwar. Sannan kwanbata a jikin giya ake fara zaunar da ita, a juya ta har ta shige ƙarshe, kafin a haɗa da inji. In aka matse ta da noti ba ta zauna ba, famfo zai fashe tun kafin ka tayar da mota. Ka tsaya a wurin ranar da za a yi aikin.