Sau biyu ana cire min bairos a laftop yana dawowa, ta ina yake shigowa?

Abban Hafsat, Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin kwamfuta, don abin nan ya fara hana ni barci.

Ina da laftop ƙirar HP, tokumbo ce. A cikinta nake riƙe lissafin albasar maigidana a kasuwar Mile 12 ta Legas: motar da ta iso daga Aliero, buhu nawa ta kawo, wa ya ɗauka bashi, wa ya biya. In na koma gida da daddare, babban ɗana ya ɗauka ya yi gwajin tambayoyin JAMB, ƙannensa kuma su kalli katun.

Wata biyu da suka wuce ta sauya hali. Fankarta sai ihu ko ba a aikin komai, talla na faɗowa ta kusurwar allo, in na sa filash sai in ga foldojina duk sun koma masu 'yar kibiya a jiki. Abin da ya fi tayar min da hankali, aka shiga Facebook ɗina aka riƙa tura wa mutane saƙon neman rance da sunana, har yayan matata ya kira daga gida yana tambaya ko lafiya. Na kai wa wani mai gyara ya wanke ta. Kwana goma sha biyu abin ya dawo. Na mayar, ya sake wankewa. Jiya na karɓo ta, ga ta nan kan tebur a rufe, tsoron kunnawa nake yi.

Me zan yi kada ya dawo karo na uku? Sai na sayi antibairos na kuɗi ne? Lissafin nan amanar mutane ce a hannuna.

Mai Gyaran Kwamfuta, Ikeja:

Wa alaikumus salam. Malam, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Shekarata tara ina wannan aiki a Computer Village, kuma yawancin waɗanda ke dawo min da irin kukanka, ƙofa biyu ce ake shigar musu ta ciki.

Ta farko ita ce filash ɗin nan da ka ambata. Waɗannan masu 'yar kibiyar ba foldojinka ba ne. Bairos ɗin ya ɓoye na gaskiyar ne, ya ajiye nasa masu kama da su. Kana dannawa zai buɗe maka foldar da kake nema, ba za ka lura da komai ba, alhali a wannan dannawar ya riga ya shige kwamfutar. To ka ga ko sau goma aka wanke laftop, in filash ɗin na aljihunka, kai da hannunka za ka mayar da shi. Galibi kuma a shagunan buga takardu ake kwaso shi, inda kwamfuta ɗaya ke karɓar filash ɗin duk wanda ya shigo. Ka kai wa mai gyara ya fito maka da takardunka na gaskiya, sannan a yi wa filash ɗin fomat. Daga yau in za ka buga takarda, ka mayar da ita PDF ka tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel.

Ta biyu ta fi muni: manhajar da aka fasa. Office ɗin da ke kan laftop ɗinka, an saya ne ko an yi masa kirak? Irin waɗannan, kafin su hau sai sun ce a kashe Defender, wato antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, ko a sa wata folda cikin waɗanda aka ce kada ya bincika. Shiga Windows Security, ka je sashen kariya daga bairos, ka gangara har inda aka rubuta Exclusions. Duk abin da ka gani a can wanda ba kai ka sa ba, ɓarawo ne aka ba ɗaki a cikin gida, aka ce wa maigadi kada ya leƙa.

Ni da tawa ce, tunda har an kai ga satar Facebook, ba zan ƙara yarda da wanki ba. Zan kwashe takardu da hotuna kaɗai, ban da ko manhaja ɗaya, in goge komai in sa Windows sabuwa fil da aka sauko daga shafin Microsoft kansa. Filash mai tsabta na giga 8 ya isa aikin. Lissafinka kuwa LibreOffice zai buɗe shi, kyauta ne, ba ya bukatar kirak.

Maman Sadiq, Idi-Araba:

Abban Hafsat, sannu da wannan jarrabawa. Ni abin da ya fi damuna a labarinka shi ne Facebook ɗin nan. Wanke kwamfuta ba ya dawo da abin da aka riga aka fita da shi. Akwai bairos ɗin da aikinsa kawai ya kwashe duk kalmomin sirrin da ka ce wa Chrome ya ajiye maka, ya aika wa mai shi. Don haka ka ɗauka duk abin da ka taɓa shiga ta laftop ɗin nan yana hannun wani yanzu.

Don Allah yau ɗin nan, ta wayarka ba ta laftop ba, ka sauya su duka. Fara da imel, domin wanda ya riƙe imel ɗinka zai iya sake buɗe sauran ko ka sauya su. Sai Facebook, sai banki in ka taɓa shiga ta can. Kowanne da tasa kalmar daban. Bayan ka sauya, ka nemi inda ake nuna na'urorin da ke cikin asusunka, ka fitar da su gaba ɗaya, sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu. WhatsApp ma ka sa masa lambar nan ta sirri mai guda shida.

Sai maganar ajiya, wadda ni da hawaye na koye ta. Ina koyarwa a wata makarantar firamare. Wata safiya na kunna kwamfutata zan haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibaina, na tarar babu takarda ɗaya da ke buɗuwa, kowacce an maƙala mata wasu haruffa a ƙarshen sunanta. Ga wani ɗan rubutu an ajiye min wai in biya dala 980, in na yi sauri cikin awa 72 a bar min rabi. Ban biya ba. Sakamakon na sake haɗawa daga takardun hannu, amma hotunan sunan Sadiq, har da wanda mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, take riƙe da shi, sun tafi. Ina da kwafinsu a wani abin ajiya na waje (hard disk), amma a daren yana jone da kwamfutar, shi ma aka kulle shi. Ka kwafi lissafinka duk Juma'a, ka zare abin ajiyar ka sa a durowa. Kada ya kwana a jone.

Ɗan Obalende:

Yaya, ka sa antibairos biyu ko uku kawai, wanda wannan bai kama ba wancan ya kama. Ni haka nake yi.

Mai Gyaran Kwamfuta, Ikeja:

A'a ƙanena, wannan nauyi kawai zai ƙara wa na'urar, su riƙa karo da juna. Kuma da zarar ka sa wani, Defender ja baya yake ya bar masa aikin. Shi ya sa nake yawan ganin laftop da antibairos na gwaji wanda wa'adinsa ya ƙare tun bara, mai ita na ganin yana da kariya. Defender ɗin da ya zo da Windows ya wadatar a gida in ana barinsa ya sabunta. In kana son ido na biyu, Malwarebytes na kyauta ya isa, ka riƙa sa shi bincike lokaci zuwa lokaci.

Sabuntawar nan ita mutanenmu ke kashewa saboda data, kuma na fahimta, data ta yi tsada. Amma a tuna bairos ɗin WannaCry a watan Mayun 2017, wanda ya durƙusar da asibitoci a Ingila. Tun watan Maris na shekarar Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar, waɗanda ba su sabunta ba su ya kama. Ranar Talata ta biyu a kowane wata suke fitar da gyara. A sayi datar dare, a tabbatar batir a cike yake saboda ɗaukewar wuta, a bar ta ta gama.

Abban Hafsat, duba min wace Windows ce a kai. Windows 7 tun Janairun 2020 aka daina yi mata gyara. Windows 10 kuma wa'adinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. In na'urar za ta ɗauki Windows 11, gara a sa maka ita kai tsaye.

Na ƙarshe, yaran nan a buɗe musu nasu asusun a kan laftop, irin wanda ba shi da ikon saka manhaja. Duk abin da zai hau sai an nemi kalmar sirrinka, ka gani da idonka tukuna.

Abban Hafsat, Agege:

Allah ya saka muku da alheri. Maman Sadiq, Allah ya ji ƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta.

Tun a masallaci bayan isha'i na zauna da waya na sauya na imel da na Facebook. Cikin na'urorin da ke asusuna na ga wata kwamfuta da ban san ta ba, na fitar da ita. Da na shiga gida na kunna laftop ba tare da intanet ba, na bi inda Malam ya ce, sai ga foldoji biyu a cikin Exclusions. Ɗaya ta Office ce. Ɗayar ban gane ta ba, na kira ɗana. Ya yi shiru, can ya ce wasan ƙwallo ne abokinsa ya ba shi a filash, kuma duk lokacin da aka dawo da laftop daga gyara yakan sake sa shi. Ban yi masa faɗa ba, bai san abin da ke ciki ba. Na zaunar da shi ya karanta amsoshinku da kansa.

Windows 10 ce a kai. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kai a goge ta gaba ɗaya, da filash ɗina da na abokin nasa, a kuma duba ko za ta ɗauki 11. Kafin nan na koma rubuta lissafin a littafi, maigida ma na sanar da shi.