Masu ƙananan jif masu gudu, yaya kuka ji da su a hanyar Abuja zuwa Jos?

Ɗan Gwarimpa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina a Abuja yake, mahaifiyata da iyalina kuma suna Jos, duk bayan mako biyu ina kan hanya. Shekara bakwai ina hawan Camry, yanzu Allah ya hore ina son canji. Raina ya kwanta da ƙananan jif ɗin nan na Jamus masu ƙarfin inji: Porsche Macan, Marsandi GLC ta AMG, ko BMW X3 mai tambarin M. Abin da ke rubuce a takarda na karanta. Yanzu so nake na ji daga bakin wanda ya hau, ya sha mata mai, ya kai ta gareji, ya bi Akwanga da ita. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Alhaji na Maitama:
Wa alaikumus salam. Macan S nake hawa, ƙirar 2016, shekarata huɗu da ita. Injinta V6 ne mai lita 3 da turbo biyu, ƙarfin doki 340. Giyarta bakwai, irin wadda suke kira PDK. Kulochi biyu gare ta, ɗaya na riƙe da giyar da kake ciki, ɗayan ya riga ya kama ta gaba, shi ya sa ba ka jin lokacin da ta canja.

Ni ba a titin filin jirgi na san darajarta ba, a Hawan Kibo na sani. Ka san yadda tirela ke jan jiki a wurin, ga kwana, ga wata na gangarowa. Da tsohuwar motata sai na bi bayanta ina shaƙar hayaƙi, don in na fito ban da tabbacin zan koma hannuna kafin ta gaba ta iso. Da wannan kuwa, in hanya ta buɗe, taka totur ɗaya ne ka wuce ka koma. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, iskar can ba ta kai ta Abuja nauyi ba, injin da ba shi da turbo sai ka ji ya yi sanyi. Mai turbo yana cusa iskar da ƙarfi, ba ka jin wani bambanci. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin riƙe ta.

Hajiya daga Rayfield:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ɗan'uwa, ka fara duba taya tun kafin ka duba inji. GLC 43 ce tawa, ta zo da rim mai inci 21. Kyau kam ba a magana, sai dai robar da ke tsakanin rim da ƙasa ba ta fi faɗin yatsu huɗu ba.

Daminar bara muna dawowa daga Abuja ni da yara biyu da direba. Daga Keffi zuwa Akwanga tagwayen hanya ce, lafiya lau. Bayan mun wuce Gwantu aka tsuge da ruwa, ramuka suka cika, ba ka gane mai zurfi da marar zurfi. Ba gudu muke ba, amma muka faɗa ɗaya, gefen tayar gaba ya tsage, rim ya lanƙwashe. Muka buɗe but, babu safaya. Abin da ke ciki ƙaramin famfo ne da kwalbar ruwan like huji, shi kuma ba ya maganin tsagar gefe. Mai facin da muka samo a ƙauyen ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, amma ya ce bai taɓa ganin wannan lambar tayar ba. Magariba ta yi mana a bakin titi da yara. Sai da ƙanena ya taso daga Bukuru ya kwashe mu, motar kuma aka ɗauko ta washegari. A kasuwar kayan mota ta Dilimi a Jos ba a samu tayar ba, daga Legas aka aiko, kwana shida.

Tun daga nan na koma rim mai inci 19, na sayi safaya da jak na ajiye a but, duk da sun cinye rabin wurin kaya. Kuma ka sani tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su.

Bakanike a Apo:
Sannu Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Yallaɓai mai tambaya, irin waɗannan motocin nake gyarawa kullum, kuma yawancin abin da ke kawo su wurina ba daga masana'anta ya taso ba, daga hannunmu ne.

Ka buɗe murfin tanki ka karanta. Da yawansu fetur mai lamba 98 a ma'aunin inganci na octane suke so, ƙaranci 95. Wadda ta fito daga Amurka za ka ga 93 ko 91, ma'auninsu ne daban, amma abu ɗaya ake nufi. Man da ake samu a yawancin gidajen manmu bai kai nan ba. Kwamfutar motar tana sauraron inji, in ta ji ya fara ƙwanƙwasa sai ta ja wutar filogi baya don kada fistin ya lalace. Motar za ta tafi, amma ba duk dokin da ka biya kuɗinsu za ka samu ba. Ka zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su ka tsaya a kansu, kar ka sha na bumburutu ko da tanki ya kusa ƙarewa.

Baƙin mai kuma, kar ka jira dashbod ya gaya maka. Lissafinsa na Turai ne. Da zafinmu da cunkoson Nyanya, ni kilomita 5,000 zuwa 7,000 nake ce wa mutanena su juye. Lokacin hunturu a duba matatar iska sau biyu, ƙura ce ke cin fukafukan turbo.

Sai maganar da Hajiya ta taɓo. Ƙafa huɗu ke jan motar nan. In ka sa sabuwar taya ɗaya cikin tsofaffi uku, zagayensu ya bambanta, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta yi ta wahala har ta lalace. A canja biyu tare, in da hali huɗu. Kuma a duba lambobi huɗun nan na gefen taya: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019.

Wani daga Wuse 2:
Nawa gajere ne. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, ban taɓa lissafin mai ba. A Oktoban 2024 ta haura 1,000. Tankina lita 65 ne, a cikin gari kuma tana shan kusan lita 15 a kilomita 100. Yanzu ƙaramar mota nake kai yara makaranta da ita, wannan sai tafiya.

Matashi daga Asokoro:
Yaya, ni X3 M Competition gare ni, doki 510, tana kai gudun 100 cikin kusan daƙiƙa huɗu. Dokar hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa kuwa 100 ce iyakar motar gida a babbar hanya ta ekspres. Ka ga kafin ka gama numfashi biyu ka kai ƙarshen abin da aka halatta maka.

Wata Asabar da asuba na ga hanyar Keffi wayam, na taka fiye da yadda ya kamata. Motar ba ta girgiza, ba ta ƙara, ba ka sanin irin gudun da kake. Sai ga ɗan acaɓa ya tsallako da mace da goyo. Birki ya kama, motar ta tsaya cak, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Na gangara gefe na zauna, hannuna na rawa. Har yau ina ganin fuskar matar nan. Tun ranar na saita ƙararrawar gudu a 100, kuma ba na kashe ta.

Ka kuma sani an yi ta da tauri ne don ta riƙe kwana. Mahaifiyata sau ɗaya ta shiga zuwa Jos, ta ce bayanta ba zai iya na biyu ba. Tunda ka ambaci Mama, ka sa wannan a lissafi.

Ɗan Gwarimpa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na cire masu doki 500 daga raina. An nuna min Macan S 'yar Beljiyom a wajen Kubwa, rim inci 19. Malam na Apo, me zan duba kafin na biya?

Bakanike a Apo:
Ka karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar da ke jikin motar, ka binciki tarihinta, da yawa daga gwanjon Amurka suke zuwa bayan haɗari ko ambaliya. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙusoshin ƙasan kujera ko sun yi tsatsa. Ka tabbatar da takardar kwastan da wannan lambar. Ka ce kar su tayar da ita sai ka zo, kana son jin ta da sanyin safe. Sannan a ɗaga ta sama a ga ko mai na ɗiga, a jona mata kwamfuta, a kuma juya sitiyari har ƙarshe a tafi a hankali a ji ko tana fizga. In mai ita ya ƙi a kai ta gareji, ka bar masa abarsa. Ranar Asabar da safe ina nan, ka kawo ta.