Hoton bishiya da gilashin idon kifi: yadda ake mai da shi kamar zanen fenti

Ɗalibi: Salamu alaikum manya. Wane gilashin idon kifi (gilashin kamara mai kwaso fili sosai yana lanƙwasa hoto) ya dace da ɗaukar bishiyar kuka daga gindinta, kuma yaya ake yi hoton ya fito kamar an zana shi da buroshi?

Mai Kamara: Wa alaikumus salam ƙanena. In kamararka APS-C ce, wato mai ƙaramin sensa (farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kamara), nemi Samyang 8mm f/3.5, yana kwaso digiri 180 daga kusurwa zuwa kusurwa. A kan mai cikakken firam kuwa, wato mai babban sensa, 8mm da'ira zai ba ka da baƙi kewaye, sai dai ka nemi 15mm. Da hannu ake saita shi: sa ƙofar haske a f/8, ka ajiye fokas a mita 1, komai zai fito tar. Ka kwantar da kamarar a ƙasa tana kallon sama, rabin mita daga gindin, ka sa ƙidayar daƙiƙa 10 ka laɓe a bayan bishiyar. In ba haka ba har hularka sai ta shiga.

Hajiyar Hoto: Ƙari a kan maganar Malam, sama ta fi rassa haske, don haka rage hasken da kamara ke ɗauka da mataki 1 (wato da rabi) kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta gyara ba. Abin da ya ƙone fari ba ya dawowa. Kuka da rani ake nemanta, lokacin da ta zubar da ganye. Gawo kuma da damina yake tsirara. Darbejiya kam ban ba ka shawara ba, ganyenta ƙanana ne, fenti na cuɗe su kamar miyar kuka.

Mai Kamara: Gaskiya ne Hajiya. Sannan gilashin nan gabansa a kumbure yake, ba a ɗaura masa filta (gilashin tace haske) a gaba. Da hunturu a hure ƙura da famfon roba kafin a goga, kar ya karce.

Ɗan Kwamfuta: Wajen gyara, a manhajar gyaran hoto ta Lightroom kada ka kunna gyaran lanƙwasar gilashi, zai miƙar da hoton ka rasa abin da ka sayi gilashin dominsa. Amma cire layin shuɗi-ja da ke bin gefen rassa da Defringe tukuna, don fenti na ƙara fito da shi. Sai manhajar Photoshop: kwafi leya (shimfiɗar hoton), shiga Stylize, zaɓi Oil Paint. Stylization 4, Cleanliness 3, Shine ƙasa da 1, in ya wuce haka ɓawon zai yi ƙyalli kamar leda. Rage ƙarfin leyar zuwa kashi 60, ka goge fentin a kan gindin domin tsagar ɓawon ta fito.

Ɗalibi: Yaya, wanda ba shi da Photoshop fa?

Ɗan Kwamfuta: GIMP kyauta ne, yana da Oilify a ƙarƙashin Artistic. Fara rage hoton zuwa fiksel 3000 a faɗi, a babban hoto zanen buroshin ba ya ganuwa.